Ni ma haka bana ta yi min, 'yar'uwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na karanta ta har sau uku, amma ban samu sukunin amsawa ba sai yanzu da yara suka tafi islamiyya. Kin ce kin zauna lissafin ƙarshen shekara kin ga ba ki ƙarasa littafi ko guda ba, alhali babu labarin da ya wuce ki, babu fim mai dogon zango da ba ki bi ba, kuma kullum ƙirjinki a cushe yake, kina neman yadda za ki koma karatu. Wallahi kamar kin leƙa zuciyata kin rubuta. Har zuwa watan Oktoba na bana ni ma ban buɗe littafi ba, ni da aka sani tun ina budurwa da ɓoye littafin haya a cikin hijabi, in karance shi dare ɗaya in mayar da safe don kada a ƙara min kuɗi.

Ki duba yadda 2024 ɗin nan ta zo mana. A Fabrairu aka ci mu 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, na raba dare ina bin abin da mutane ke cewa. Ƙarshen azumi aka wayi gari da rasuwar Daso, Allah ya jiƙanta da rahama, na wuni ina kallon tsofaffin bidiyonta ina share hawaye, ga ɗinkin sallah na mutane jibge a kan keke. Mayu ta zo da maganar masarautar Kano, ba sai na faɗa muku ba, kowace safiya da sabuwar takardar kotu. Agusta zanga-zanga da dokar hana fita, muna kulle a gida, waya ce kawai tagar da muke leƙa waje. Satumba ruwan Alau ya shiga Maiduguri. Ga Gaza kuma kullum, kullum. Duk lokacin da na ce bari in ajiye wayar nan in ɗauki littafi, sai in ji kamar wani abu zai faru ban sani ba. In na gaji da baƙin labari kuma sai in ce bari in wanke zuciyata da fim, daga kashi ɗaya sai na biyu, sai in ji ana kiran assalatu.

Inda abin ya kai ni maƙura shi ne Majiya ta jihar Jigawa. Daren da tankar man nan ta kama da wuta, 15 ga Oktoba, mutum sama da 150 suka tafi, Allah ya karɓi shahadarsu. Washegari wata ta turo bidiyon a zauren matan unguwarmu ba tare da ko gargaɗi ba, ni kuma na danna. Ƙarfe biyun dare ne, autana yana kwance a gefena. Ban san me ya sa na kalla har ƙarshe ba, kuma na sake kallo. Kwana uku ina rufe ido in ga abin. Na je aka auna ni aka ce jinina ya hau, ni da ko lokacin haihuwa bai taɓa hawa ba. Don Allah 'yan'uwa mu ji tsoron Allah a kan tura irin waɗannan bidiyoyi. Gawar nan ɗan wani ce, mijin wata ce.

Bayan nan da kamar mako guda aka ɗauke wutar nan ta Arewa, da aka ce an lalata layin Shiroro. Kun san yadda muka yi, sama da mako muna cikin duhu, ƙanƙara ta zama zinare, mai caji a bakin layinmu ya ninka kuɗinsa kuma sai kin bi layi. Man fetur ya haura naira 1,000, maigidan ya ce janareto sai dai a yi haƙuri. Wayata ta mutu. Daren farko na rasa inda zan sa kaina, hannuna sai laluben ƙarƙashin filo yake. A dare na uku na tuna da akwatin Baba.

Ki yi haƙuri in tsaya a nan, don har yau abin yana ci na.

Mahaifinmu malamin firamare ne, shekara talatin da wani abu yana koyarwa. Da ya rasu aka zo rabon kaya, ni ban nemi komai ba sai wani akwatin ƙarfe mai ruwan ganye da yake ajiye littattafansa. A ciki akwai Magana Jari Ce duka guda ukun, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, da Ganɗoki, bugun Zariya na da, da ɗaurin tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya ɗaure da zaren buhu. Kowane littafi ya rubuta sunansa a shafin farko da jan biro, da ranar da ya saya. A kan cinyarsa na fara jin labarin akun nan da yake riƙe ɗan sarki da hira don kada ya fita. Shekara biyu da suka wuce wata maƙwabciyarmu ta tsohuwar unguwa, wadda nake kira Yaya saboda girmamawa, ta zo ta ce 'yarta za ta zauna jarrabawar Hausa, in taimaka mata da littattafai. Na ce ta zaɓi wanda take so. Ta ce ai gara a ba ta akwatin gaba ɗaya yarinyar ta duba a tsanake, sati biyu za a dawo da shi. Kunya ta hana ni cewa a'a. Ni da kaina na kira mai adaidaita na biya kuɗin.

Sati biyu ya zama shekara biyu, kuma laifina ne da ban bibiya ba, waya ta ɗauke min hankali. To a cikin duhun nan na shirya da hantsi na tafi gidanta. Bayan mun gaisa na ce na zo karɓar akwatin Baba. Sai ta yi shiru, ta ce, "Au, waɗannan tsofaffin takardun?" Tun daga nan gabana ya faɗi. Ta sa yaro ya jawo akwatin daga bayan ɗakin girki, inda ruwan damina biyu ya dake shi. Murfin ya yi tsatsa, ciki gara ta yi gini. Jaridun babu ko ɗaya. Ina tsugune ina tona ƙasa da hannuna sai idona ya kai kan tiren awarar 'yarta ƙarama da ke bakin ƙofa. An yayyanka takardu murabba'i an jera a gefe, na naɗe wa masu saye. Na ɗauki ta sama, mai ya jiƙa ta, ga yaji a jiki, ga layin da Baba ya ja da jan bironsa a ƙarƙashin wata jimla. Rubutun mahaifina ne ake naɗe awarar naira hamsin da shi.

Ban yi magana ba, hawaye ne kawai. Da a ce ta ba ni haƙuri da wallahi ya wuce, ɗan Adam ajizi ne. Amma sai cewa ta yi, "Haba ke kuwa, sai ka ce Alƙur'ani? Takarda ce fa. In kuɗi kike so faɗi nawa ne a biya ki." A gaban yaranta. Matar da na yi wa ɗinkin bikin 'yarta ban karɓi ko sisi ba, matar da Baba ya koyar da ƙannenta uku. Nawa zan ce mata? A wace kasuwa ake sayar da rubutun uban mutum bayan ya kwanta dama? Na tattara abin da ya rage, littafi na biyu na Magana Jari Ce ba bango, farkonsa ya ɓace, da rabin Ruwan Bagaja, na sa a leda na fito. Akwatin ma ban iya ɗauka ba. Har yau ba ta taka ƙafa ta zo ba, ko aike ba ta yi ba. Mun haɗu a gidan suna a watan jiya ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na amsa don ba na son gaba, amma zuciyata ba ta sake ba, kuma ina roƙon Allah ya yaye min.

Daren ranar na kunna kyandir, na zauna a tabarma ina jera shafukan bisa lamba. Babbar 'yata ta ce, "Umma mene ne wannan?" Sai na fara karanta musu da ƙarfi, daga inda takardar ta fara, tsakiyar labari. Muryata tana rawa da farko. Yaran nan da ba sa zama minti biyar in ba a gaban allo ba suka kewaye ni, har ɗan maƙwabta ya shigo. Da na tsaya autana ya ce, "Sai me ya faru?" 'Yar'uwa, a nan karatuna ya dawo. Ba wata dabara na yi ba. Kafin a dawo da wuta mun cinye abin da ya rage na littafin, kuma a waɗannan darare na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Don haka abin da zan fara ce miki, kada ki jira sai kin samu natsuwa kafin ki karanta, karatun ne zai kawo natsuwar. In kina da yara ko ƙanne ki karanta musu da baki, su za su riƙa tuna miki, ba za su bar ki ki tsallake dare ba. Kuma ki fara da ƙaramin littafi. Ruwan Bagaja siriri ne, tun 1934 Abubakar Imam ya fitar da shi amma har yau in kin fara rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba za ki ajiye ba, kwana biyu kin gama, kuma daɗin cewa "na ƙarasa" shi zai tura ki ga na gaba. In ma wannan ya yi miki yawa, ki nemi gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ke yi wa mata tun 2016, kowanne zama ɗaya ne, kafin shinkafa ta tsotse kin kai ƙarshe.

Wayar kuma ba cewa na yi ki jefar ba, ni ma da ita nake karɓar aikin ɗinki. Amma ta daina kwana a ɗakina. Bayan isha'i nake sa ta caji a falo. Akwai wurin da take nuna awa nawa kika yi a kanta, ki daure ki duba, ni da na duba nawa na ga awa bakwai a rana sai da na yi salati. Na fita daga zauruka goma sha ɗaya a yini guda, wasu sun ji haushi, na ba su haƙuri. Na kuma kashe abin nan da ke sa bidiyo ya sauka da kansa. Labarai na koma rediyo irin na Baba, BBC da safe ƙarfe shida da rabi ina haɗa karin kumallo, sai na takwas da rabi na dare. Rabin awa an gaya miki abin da ya faru a duniya an yi sallama. Rediyo yana ƙarewa, waya ba ta ƙarewa, kuma rediyo ba zai nuna miki gawa ba.

Af, kuma ki je a auna jininki. Da gaske nake. Wannan cushewar ƙirjin da kika ambata kada ki ɗauke ta wasa, ni ma haka na riƙa cewa gajiya ce. Ki duba kuma ko karatun Alƙur'aninki ya ja baya, don ni sai daga baya na lura izu ɗayan da na saba yi bayan asuba ya koma shafi biyu, wani lokacin ma babu. Wannan ya fi komai tayar min da hankali. Da na gyara shi sauran suka zo da sauƙi.

Littattafan waya kuwa ban hana ki ba, akwai marubuta mata masu ƙoƙari ƙwarai, amma ki nemi wanda aka kammala. Ni a farkon shekara na biya naira 1,000 aka sa ni a zauren wani littafi, muka kai shafi na arba'in da wani abu marubuciyar ta yi shiru, wata biyu, uku, in an yi magana a ce ba mu da tausayi. Wataƙila tana da uzuri, Allah ya sani, amma ko kalma ɗaya ba ta ce mana ba. Kuma matsalar karatu a waya, kina tsakiyar shafi saƙo zai faɗo, kin tafi ke nan. Fim ma ban daina ba. Na zaɓi guda ɗaya nake bi, Daɗin Kowa, shi ma a talabijin tare da yara, in ya ƙare a kashe. Sauran in an ba ni labari a gidan biki ya ishe ni.

Daga Nuwamba zuwa yau littafi huɗu na gama. Na san ba yawa, akwai masu lissafa talatin a nan, Allah ya ƙara musu. Na sayi ƙaramin littafin rubutu ina sa sunan kowanne da ranar da na gama, da jan biro. Na je Sabon Gari wajen masu littattafai na sayi sabon Magana Jari Ce na ɗaya da na uku, muna tsakiyar na ukun yanzu. In wani ya zo aro ina cewa ya zauna a nan ya karanta, ga tabarma ga ruwa, amma littafi ba ya fita daga gidan nan. Ki yi haka ke ma tun yanzu, ko wace ce, ko kunyarta kike ji.

Sannan ina da roƙo ga 'yan'uwa. In akwai wadda ta san inda zan samu tsohon bugun Shaihu Umar ko Ganɗoki, irin mai takardar da ta yi ja saboda daɗewa, ko a Kurmi ne ko a Zariya, don Allah ta yi min magana ta gefe, zan biya ko nawa ne. Shafin nan mai man awara yana nan, na goge yajin na sa shi a leda, yana cikin jakar da nake ajiye takardun haihuwar yara.