Yaya Zan Yi Godiya a Shekarar da Ta Raba Ni da Mahaifina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Mahaifina ya rasu a watan Yunin 2020 sakamakon cutar korona ba tare da mun samu damar jinyarsa ba, maigidana kuma ya rasa aikinsa tun lokacin kulle. Ga bukukuwan ƙarshen shekara sun ƙarato, 'yan'uwa ba za su haɗu kamar yadda muka saba ba, kowa kuma cewa yake in gode wa Allah tunda ina raye. Bakina yana furta godiyar, amma zuciyata ba ta amsawa, har ina tsoron ko butulci ne ya shige ni. Mene ne shawararki? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya buɗe wa maigidanki wata ƙofar. Ki kwantar da hankalinki game da batun butulci, domin mai butulci ba ya zama ya tuhumi zuciyarsa kamar yadda kika yi. Abin da ke damun ki baƙin ciki ne da bai samu mafita ba. Mutum yakan ji sanyin rashi idan ya yi jinya da hannunsa, ya yi bankwana, jama'a suka kewaye shi da ta'aziyya, wannan annoba kuwa duk ta hana ki waɗannan. Tun daga ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, gidaje da yawa sun shiga irin halin da kike ciki, kuma kafin watan Satumba ya ƙare waɗanda ta kashe sun haura miliyan ɗaya.

Masu ce miki ki yi godiya alheri suke nufi, sai dai sukan manta cewa hawaye da godiya suna zama a zuciya guda. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma hakan bai rage komai daga yardarsa da hukuncin Ubangiji ba. Saboda haka kada ki jira sai baƙin cikin ya gushe kafin ki soma, kuma kada ki tilasta wa kanki fara'ar da ba ki da ita don kawai lokacin biki ne.

A ganina, abin da ya sa godiyar ba ta ratsa ki shi ne ana miƙo miki ita a dunƙule. "Kina raye" magana ce mai faɗi, wadda zuciya mai rauni ba ta san inda za ta kama ba. Ki ƙanƙanta ta. Wane ne ya kira ki a daren rasuwar? Wace ma'aikaciyar jinya ce ta tsaya a kan mahaifinki lokacin da aka hana ku shiga, alhali ita ma tana da iyalin da take tsoron kai wa cutar? Wa ya tallafa muku da albashi ya tsaya? A wani bincike da Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a Amurka a 2003, mutanen da suka riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan waɗanda aka sa su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Idan rubutu bai kwanta miki ba, ki kira mutanen ɗaya bayan ɗaya ki gaya musu abin da suka yi miki, wanda a wurina ya ma fi, domin su ma shekarar ta gajiyar da su.

Rashin haɗuwar kuwa, ki ɗauke shi a matsayin kariya ga dattawan da suka rage muku. A ranar bikin ku haɗu ta waya, kowa ya faɗi wani alheri da ya tuna na mahaifinku, a bar mai kuka ya yi kukansa. Idan kuma kika ga barci ko cin abinci ya gagare ki makonni a jere, ki je ki ga likita, kada ki bar abin a cikinki.