Tambaya da Amsa: Wasiƙun Ɗaliban Hidima

Wasiƙun wannan fitowar daga ɗaliban makarantun tauhidi suke, masu shirin hidimar ikkilisiya. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Malamaina, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kafin in shiga makaranta, idan na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in ji kamar da ni ake magana. Yanzu kullum yana hannuna, amma jarrabawa kawai nake gani a ciki. Addu'a ma a gurguje nake yin ta. Ko dai tun farko ba a kira ni ba ne? Daga ɗalibin aji ɗaya.

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Wannan bushewar takan kama ɗalibi tun zangon farko, kuma dalilinta a fili yake. A da kunne kake kai wa Nassi, yanzu alƙalami kake kai masa. A aji ana koya maka ka tambayi wanda ya rubuta, su wa ya rubuta wa, a wane zamani, me kalmar take nufi a asalinta. Tambayoyi ne masu kyau, fasto ba ya rabuwa da su. Sai dai sun ture tambayar da ka saba yi, wato me wannan yake faɗa mini. Karatun aji ya shige gurbin na ibada ba ka ankara ba, don gani kake ai wuni ka yi cikin Littafin.

Raba su, kowane da lokacinsa. Ware minti 30 da safe kafin ka taɓa waya. Kada ka ɗauki littafin da ake muku darasinsa: idan Romawa ake koyarwa, kai ka zauna cikin Zabura ko Markus. Ka karanta a harshen da kake addu'a da shi, ba littafin sharhi, ba ƙamus. Minti 15 karatu a hankali, da murya in da hali. Minti 5 ka rubuta layi biyu a ɗan littafinka. Sauran minti 10 addu'a ce, ka fara da abin da ka karanta, sannan ka ambaci mutane da sunayensu. Idan tambayar ilimi ta faɗo maka, rubuta ta a gefe, ta jira rana ta yi.

Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Mai karanta uku kullum, biyar ran Lahadi, zai sauke cikin shekara. Amma ba mu ba ɗan aji ɗaya wannan shawarar ba. Karatun da ke kanka ya isa, kuma da ka tsallake kwana huɗu sai bashi ya taru, laifi ya kama ka, ka watsar gaba ɗaya. Zabura ɗaya a rana ta fi maka; guda 150 ce, wata biyar ke nan.

Inda abin yakan lalace shi ne dare. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya yana rubutun aikin gida, gari zai waye masa kansa a kife bisa Littafin, a buɗe a shafin jiya. Tsayar da lokacin kwanciya tukuna. Kuma sujadar safe ta makaranta, duk da muhimmancinta, ba ta fanshe ka daga taka. Ka kuma gaya wa malami ɗaya da ka amince da shi halin da kake ciki, domin shirun da ɗalibai suke yi da wannan damuwar yana ba mu tsoro fiye da damuwar kanta.

TAMBAYA: Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya gagare ni. Ina haddace kalmomi daren jarrabawa, bayan mako sai ka ce ban taɓa ganinsu ba. Mene ne amfaninsa ga wanda ba da shi zai yi wa'azi ba? Daga ɗalibin aji biyu.

AMSA: Amfaninsa shi ne ka iya duba abin da mai sharhi ya gaya maka da idonka, kada ka haɗiye kome don an buga shi a littafi. Matsalarka kuwa ba ƙwaƙwalwa ba ce, tsarin ne. Harshe ba ya shiga a dare ɗaya, da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora. Minti 20 kullum ya fi awa uku ran Asabar.

Ga abin da zai ba ka ƙarfin gwiwa. Haruffan 24 ne kacal. Kalmomin da suka fito sau 50 ko fiye a Sabon Alkawari ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba, amma su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na duk rubutun. Yanka 'yan katuna, kalma a gaba, ma'ana a baya, sababbi biyar a rana. Wadda ka ci, ka sake duba ta gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Wadda ka faɗi ta koma farkon layi. Faɗi ma'anar da bakinka kafin ka juya katin; wanda yake juyawa ya ce "ai na sani" yaudarar kansa yake yi.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai ba kalmomi ba ne, ɗafa-ƙeya ce, domin ƙarshen kalma ne yake nuna wanda ya aikata da wanda aka yi wa. Haddace teburin madangancin nan, wato 'yar kalmar da take zuwa kafin suna (ho, he, to), mai gurbi 24, har ka iya rubuta shi ido rufe. Shi zai riƙa nuna maka matsayin sunan da ke biye da shi. Sannan ka fara karanta aya biyu a rana daga Wasiƙar Yahaya ta Fari, wadda harshenta ya fi sauƙi. Kada ka jira sai ka gama nahawu.

TAMBAYA: An ba ni minti 20 a wa'azin gwaji, na ci 45. Malam ya ce wa'azi uku na yi a haɗe. Yaya zan gyara? Daga ɗalibin aji uku.

AMSA: Malaminka ya yi maka gata. Ka kwashe duk abin da ka tono a ɗakin karatu ka zube wa jama'a, don kana jin asarar barin wani abu. Kafin ka rubuta komai, karanta nassin sau goma, ka gane inda maganar ta fara da inda ta tsaya. Sai ka rubuta saƙon a jimla ɗaya da ba ta kai kalma 20 ba. Idan ta ƙi fita, ba ka shirya ba tukuna. Littafin sharhi ya zo daga baya, don gyara, ba don aro ba. Duk abin da ba ya yi wa jimlar nan aiki, cire shi ka ajiye don wata Lahadi.

Raba lokacin haka: minti 2 buɗewa, 13 bayanin nassi, 5 yadda mai ji zai aikata shi ran Litinin. Wannan na ƙarshen ne yakan mutu idan lokaci ya ƙure, alhali dominsa mutane suka zo. Yi gwaji sau biyu a tsaye, da murya, agogo a gabanka. Karatun zuci yana ruɗin mutum da sauri. Kada ka buɗe da ba da haƙuri, kada ka yi ta tsalle daga aya zuwa aya har mai ji ya ɓace cikin shafuka, kuma Helenancinka ya tsaya a ɗakin shiri. Idan ka ce "a ƙarshe", to ya zama ƙarshen.

TAMBAYA: Za a tura ni ziyarar marasa lafiya a asibiti. Ina tsoron rasa abin faɗa. Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar'uwa, ba yawan magana aka aike ki yi ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka ɓata. Nemi izinin ma'aikatan jinya, ki wanke hannu shiga da fita. Faɗi sunanki da wanda ya aiko ki. Zauna a kujera idonki daidai da na mara lafiyan, ba a kan gadon ba. Minti 10 zuwa 15 sun isa, in likita ya shigo ki ba da wuri. Kada ki yi alkawarin warkewa, kada ki fassara masa dalilin ciwonsa, kada ki taɓa zancen magani. Tambaye shi ko yana so ki yi addu'a, da abin da yake so a roƙa, ki kuma gajarta ta. Abin da ya gaya miki amana ne, ba ya shiga jerin roƙon addu'a na aji sai da yardarsa. Idan kuwa ya ambaci cewa yana tunanin yi wa kansa lahani, sanar da ma'aikatan jinya da malamin da ke kula da ke tun kafin ki bar asibitin.