Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙaninta

Salamu alaikum 'yar'uwa, Allah Ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce yana fama da sikizofireniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, a asibiti sai ya samu sauƙi, amma da an sallamo shi ba ya daɗewa sai ciwon ya tashi, kuma likita ya ce ku duba yadda kuke zaune da shi. Shi ne kike tambaya ko ku ne sila. Ba ku kuka sa masa ciwon ba, ki cire wannan a ranki. Amma maganar likitan gaskiya ce, ni ma shekara da shekaru nake jinyar yayana a kan wannan lalurar.

An daɗe da gano haka. Tun shekarun 1950 wani mai bincike a Landan, George Brown, ya lura cewa masu wannan ciwon da suka koma hannun iyaye ko matan aurensu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka kama ɗakin haya. A 1976 wasu masu bincike, Vaughn da Leff, suka fitar da alƙaluma: cikin wata 9, kashi 51 cikin ɗari na masu zama a gidan da ake yawan suka da takura ciwonsu ya dawo, a gidan da ake zaman lafiya kuwa kashi 13 ne. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke zama ido da ido da irin waɗannan dangi sama da awa 35 a mako, balle in ya bar shan magani.

Yawan suka shi ne babbar matsalar. Abin mamaki, idan yana jin muryoyi ko yana sambatu kowa tausayinsa yake ji, an san ciwo ne. Amma ya kwana biyu bai yi wanka ba, ya wuni a kwance, sai ka ji "kai kullum barci, sa'anninka duk sun kama sana'a." Alhali mutuwar jikin nan da rashin son magana suna cikin ciwon, wani maganin ma kasala yake sawa. Ba sai an ɗaga murya ba. Tsaki ɗaya, ko ajiyar zuciya idan ya shigo, duk yana karantawa. Ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tace hayaniya kamar tamu, mutum uku su yi masa magana a tare sai komai ya cakuɗe masa.

Ɗaya matsalar ta fi wuyar faɗa, domin daga so take fitowa. Mahaifiyarmu takan leƙa ɗakin yayana kusan kowane lokaci, ta tsura masa ido tana hawaye, "yau ma muryoyin sun yi maka magana?" Ko ƙofar gida ba ta yarda ya fita shi kaɗai. A ranakun da aka fi sa masa ido, a ranakun yake kasa barci, ya yi ta kai-kawo har asuba. Babban mutum ne, yana buƙatar wurin da zai numfasa.

Abin da ya yi mana amfani: mutum ɗaya ya yi magana, a taƙaice, buƙata ɗaya. "Ga ruwa na ajiye maka, in ka shirya ka yi wanka." In ya yi, a nuna an gani. In ya ce ana bibiyarsa, kada ki yi musu, kada kuma ki gaskata. Ce masa ke ba ki gani ba, amma kin san yana cikin tsoro. Faɗan gida a yi shi nesa da kunnensa. Ku samar masa abin da zai fitar da shi 'yan awoyi, ku ma ku huta, don mai jinyar da ya gaji bakinsa ba ya da linzami.

Ki roƙi likitan ya haɗa ku da zaman wayar da kan iyali, kuma ki ja wanda ya fi faɗa a gidan ku je tare. A Ingila ƙa'idar ita ce aƙalla zama 10 cikin wata 3 zuwa shekara. Duk wannan ƙari ne a kan magani, kada a tsayar da shi don an ga sauƙi. In kika ga barcinsa ya fara raguwa dare biyu ko uku a jere, ki tuntuɓi likita a lokacin, kada ki jira ranar da aka ba ku.