Amsa: Wace kyamarar DSLR ce ta dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Malam, ka ce kana neman DSLR, wato irin kyamarar da ake canja mata gilashin gaba (lens), ta ɗaukar iyali da tafiye-tafiye, kuma kuɗin hannunka ba su da yawa. Nemi Nikon D3500 ta hannu, haɗe da gilashinta na 18-55mm. Ta fito ne a 2018, tana da megafiksel 24, ita kaɗai ba tare da gilashi ba ba ta kai rabin kilo ba, kuma caji ɗaya yakan ɗauki hoto wajen 1,500, abin da duk matafiyi zai yaba. In ba ka same ta ba, Canon 2000D ma ta isa, sai dai batirinta bai kai na waccan juriya ba.

Amma kada ka zuba kuɗin duka a kan kyamarar. Ni ranar sunan ɗiyata na gane haka: cikin ɗaki haske ya yi ƙaranci, yara suna ta zirga-zirga, rabin hotunan suka fito dishi-dishi, har na inna riƙe da jaririya, wanda har yau yake min ciwo. Da na sayi gilashin 35mm f/1.8 sai matsalar ta kau, domin yana shigar da haske sosai. Ka tabbata mai alamar AF-S ne, shi ne zai saita hoto ya fito tar da kansa a kan Nikon ɗin. Kafin ka biya, sa mai kayan ya nuna maka adadin hotunan da aka ɗauka da ita, sannan ka ɗauki farin bango ka duba ko ƙurar hunturu ta bar ɗigo-ɗigo a jikin hoton.