Tambaya da Amsa: Baba, laifi ne in kwaikwayi babban faston da nake kallo a waya?

TAMBAYA: Baba barka da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ni mai bishara ne a wani ƙaramin coci a ƙauye wajen Saminaka, bana shekara biyu kenan da gama makarantar Baibul. Akwai wani babban bawan Allah a Legas da nake kallon wa'azinsa a YouTube kusan kullum, kuɗin data na duk can yake ƙarewa, kuma gaskiya ya gina ni. To na fara wa'azi irin nasa, yadda yake ɗaga murya ya sauke, yadda yake zagaye bagade da hankici a hannu, har kwat irin tasa na ɗinka da kuɗin masarar da na sayar. Matasa suna so, amma dattawa sun kira ni bayan sujada wai in daina yi musu ihu, wata tsohuwa ma tace rabin maganata turanci ne bata gane komai. Ni kuma na karanta musu 1 Korintiyawa 11:1 inda Bulus yace a yi koyi da shi. Baba ina laifina a nan?

AMSA: Ɗana sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Sai da na yi dariya da na iso wajen kwat ɗin nan, ba dariyar raini ba, kaina na tuna. Muna makaranta akwai wani malaminmu da yake gyaran murya sau biyu kafin ya karanta aya, kafin shekara ta ƙare rabin ajin mun koma masu tari a kan bagade, mu a ganinmu shafewar Ruhu Mai Tsarki a maƙogwaro take. Shi kuwa bawan Allah ashe mura ce take damunsa.

Ayar da ka karanta wa dattawa daidai ce, sai dai ka tsaya a tsakiyarta. Bulus yace ku yi koyi da ni kamar yadda nake koyi da Almasihu. Kuma ka tambayi kanka, su wa yake gaya wa? Mutanen Korinti ne, inda ya zauna shekara ɗaya da wata shida, Ayyukan Manzanni 18 ta faɗa. Sun gan shi yana ɗinkin tanti a gidan Akila da Bilkisu, sun ga yadda yake cin abinci, sun ga fuskarsa ranar da aka kai shi gaban gwamna Galiyo. Da yace musu ku yi koyi da ni, mutumin da suka sani ciki da waje ne yake magana. Kai kuma me ka sani game da faston Legas? Awa ɗaya da kyamara ta ɗauka, aka yanke aka gyara. Ban ce mugu ne ba, wataƙila ya fi ni tsoron Allah nesa ba kusa ba, amma baka taɓa ganin yadda yake magana da matarsa ba, baka san me yake yi in kwamiti ya ƙi abinda yake so ba, baka san ko yana biyan direbansa a kan lokaci ba. Abinda waya ta kawo maka shi ne murya da kaya, shi ya sa su ka ɗauka.

Buɗe 2 Timoti 3:10 da 11 ka ga abinda Bulus ya ce Timoti ya bi. Koyarwarsa, halinsa, nufinsa, bangaskiyarsa, haƙurinsa, ƙaunarsa, jimirinsa, da tsananin da ya sha a Antakiya da Ikoniya da Listira. Timoti ɗan wajen Listira ne fa, garin da aka jajjefi Bulus aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Babu murya a jerin nan, babu tafiya. Mutanen Korinti ma cewa suka yi wasiƙunsa da nauyi amma in ya zo da kansa ba kwarjini, maganarsa kuma ba wani abu ba, duba 2 Korintiyawa 10:10. Da akwai YouTube a zamanin ina jin da wuya ka ƙona masa data.

Maganar tsohuwar nan ita tafi taɓa ni. Faston Legas yana turanci domin masu jinsa turanci suke ji, ɗakinsa na cin dubbai shi ya sa yake ihu. Kai a ɗakin da in ka yi raɗa na benci na ƙarshe zai ji, ihun na mene ne? In da gaske koyi kake da shi to ka yi abinda ya yi, wato ka yi magana da bakin mutanenka. Akwai wani Bature ɗan Kanada, Andrew Stirrett, mai sayar da magani ne a Toronto, ya bar sana'arsa ya zo ƙasar nan a 1902 tare da mishan ɗin SIM, ya duƙufa kan Hausa har ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, yana tsayawa cikin kasuwa yana wa'azi da Hausa, mutane suna kiransa Bature Mai Magani, a Jos ya rasu a 1948. Mutum ya ƙetaro teku ya koyi harshen kakarka domin ta ji, kai da ka sha shi a nono kana gudunsa. Haba ɗana.

Kuma zanen aro baya rufe katara. Saul ya sa wa Dawuda sulkensa da kwalkwalinsa, kaya masu kyau, na sarki ma, Dawuda ya gwada tafiya ya kasa ya tuɓe ya koma kan majajjawarsa. 'Ya'yan nan bakwai na wani babban firist a Afisa kuwa basu tuɓe ba, suka ari kalmomin Bulus suka je kan mai aljani, aljanin yace Yesu na san shi, Bulus ma na san shi, ku su wane ne, suka fita a guje tsirara da raunuka.

Ga abinda zan so ka yi. A gundumarku ba za a rasa wani tsohon fasto ko dattijo ba wanda ya shekara talatin ko arba'in yana aiki, ba a taɓa jinsa da kuɗin baikon coci ba, ba a taɓa jinsa da matar wani ba, 'ya'yansa basu tsani coci ba. Wataƙila wa'azinsa har barci yake sa ka. Je wurinsa duk da haka. Ka ɗauke shi a babur ranar da zai je gaisuwar mutuwa ko sulhun miji da mata ko rikicin iyakar gona, ka yi shiru ka kalli inda yake zama, wa yake fara gaisarwa, yaushe yake buɗe Littafi yaushe yake rufe baki. An san Elisha da cewa shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu tun kafin alkyabba ta faɗo masa. Wa'azin Legas ka ci gaba da ji in koyarwar tana kan Nassi, amma ka riƙa ji da biro da takarda ba da madubi ba. Kwat kuma tunda an riga an ɗinka ka ajiye ta don ɗaurin aure. Dattawan nan ka koma ka basu haƙuri, aya ka jefe su da ita alhali gyara suka zo yi maka.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Matar da ta rene ni a zumuntar mata, wadda ta koya min addu'a da zaman aure, an kama ta da taɓa kuɗin asusunmu, ta amsa da bakinta. Tun ranar ko addu'a na fara sai in ji muryarta in daina. Duk abinda ta koya min ƙarya ne kenan?

AMSA: 'Yata sannu, wannan ciwo ne, kar kowa ya ce miki ba komai. Amma a'a, ba ƙarya bane. Bitrus da ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba, shi ne daga baya a Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron mutane, har Barnaba ya biye masa, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, yana nan a Galatiyawa 2. Ba wanda ya ce a koma a warware baftismar mutum 3,000 ɗin nan. Ibraniyawa 13:7 cewa ta yi a duba ƙarshen zaman shugabanni a yi koyi da bangaskiyarsu, ita kuma mamanki ƙarshenta bai zo ba tukuna, tunda ta amsa laifi da bakinta ma alama ce mai kyau.

Kuɗi dai ta biya, horon ikilisiya ya bi hanyarsa, kar ki tsaya mata a kan wannan, kuma ku gyara asusun ya zama sai da sa hannun mutum biyu ko uku ake cire ko sisi. Amma in zaki iya, ki dafa abinci ki kai mata cikin makon nan. Yanzu gidanta ba mai shiga, na san halin mutanenmu. Ba sai kin yi mata wa'azi ba, in bakinki ya ƙi buɗewa ki zauna kawai, in ta ce ku yi addu'a ki bari ita ta fara.