Yadda za ka haɗa kayan sautinka na farko da kuɗi kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, kuma na daɗe ina sauraren kiɗa da karatu ta irin akwatin nan da ya haɗa komai a jiki ɗaya. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina so in sayi kayan sauti daban-daban, wato amfilifaya daban, sifikoki daban. Falona bai wuce mita 4 da mita 5 ba, kuma tayil ne a ƙasa. Yawanci daga waya nake saurare, amma ina da faya-fayen CD masu yawa. A kasuwa an nuna mini wata na'ura mai araha da aka rubuta wa wat 3000, wani kuma ya ce gara in sayi na hannu. Da me ya kamata in fara, kuma yaya zan raba kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da sifikoki, ka ba su kaso mafi tsoka na kuɗinka, sannan ka nemo musu amfilifayar da ta dace da su da kuma girman falonka. Dalilin kuwa shi ne, a cikin dukkan kayan da za ka saya babu wanda yake sauya kamannin sauti kamar sifika da ɗakin da aka ajiye ta. Amfilifayoyi biyu nagari masu kusan kuɗi ɗaya, idan ba a matsa musu fiye da ƙarfinsu ba, bambancinsu a kunne kaɗan ne, amma sifikoki biyu masu kuɗi ɗaya suna iya shan bamban ta yadda ko yaro zai gane. A ganina ka ware wa sifikoki da abin ɗora su kusan rabin kuɗin, amfilifaya ta ci kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage kuma ya tafi ga wayar jona sifikoki, da na'urar kare wuta, da abin da zai kawo sautin.

Waccan na'ura mai wat 3000 kuwa, ka rabu da ita. Irin wannan lamba yawanci za ka ga an bi ta da haruffan PMPO, kuma ba ta da wani ma'auni da masu ƙira suka yarda da shi a tsakaninsu, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja mai saye. Idan kana so ka gane gaskiyar magana, ka juya bayan na'urar ka karanta ɗan allon da ke kusa da inda wayar wuta take fitowa, inda aka rubuta yawan wutar da take ci. Na'urar da take jan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo wat 3000 ta ba sifika. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta ƙarfin da amfilifaya take iya bayarwa ba tare da tsayawa ba, wadda ake rubuta wa RMS, a kowace sifika, tare da faɗin om ɗin da aka auna ta da shi, wato ma'aunin turjiyar da sifika take yi wa wuta. Misali, a ce wat 40 a kowane ɓangare, hagu da dama, a kan om 8.

Wat 40 za ta yi maka kama da abu kaɗan bayan ka ga 3000, don haka bari in nuna maka lissafin. Kowace sifika tana da abin da ake kira saurin amsawarta, wato yawan ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1, kuma da desibel ake faɗinsa. Ƙananan sifikokin gida yawanci suna tsakanin desibel 84 da 89. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka wat sau biyu, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sau biyu sai an ƙara kusan desibel 10, wanda ke nufin ninka wat sau goma. Sifika mai desibel 87 za ta kai 90 da wat 2, ta kai 93 da wat 4, ta kai 96 da wat 8. Ko bayan an cire abin da nisan kujera yake ragewa, wannan ƙara ce da za ta hana ka jin mai yi maka sallama a bakin ƙofa. Saboda haka a falo irin naka yawancin saurarenka ba zai wuce 'yan wat kaɗan ba, sauran ƙarfin amfilifayar ajiya ce domin lokacin da ganga ta buga da ƙarfi farat ɗaya. Wannan lissafin yana kuma nuna maka cewa sifika mai desibel 88 a kan wat 35 za ta yi ƙarar da mai desibel 85 ba za ta yi ba sai da wat 70. Tarihi ma ya tabbatar da haka: amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a duniya, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane ɓangare, amma ta yi suna ne saboda ba ta gajiya idan sifika ta nemi wuta mai yawa.

Akwai wani abu da mutane da yawa suke fahimta a baibai. Ƙaramar amfilifayar da aka murɗa har ƙarshe ta fi saurin ƙona sifika a kan babba wadda ake amfani da ita da hankali. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta fara datse kan sautin, ya zama mai kaushi da tsatsa, kuma wannan gurɓataccen sauti yana tura zafi mai yawa cikin ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti, wadda ake ce wa tuwita, har zarenta ya ƙone. Duk lokacin da ka ji sauti ya fara kartar kunne, ka rage nan take.

Game da om, yawancin sifikokin da za ka gani an rubuta musu 8, ko 6, ko 4. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan wutar da sifikar take ja da kuma zafin da amfilifaya za ta ɗauka. Ga mai fara haɗawa da kuɗi kaɗan, 6 ko 8 ta fi kwanciyar hankali, kuma kada ka jona sifikoki huɗu a kan amfilifaya ɗaya don neman ƙara, domin biyu masu om 8 a haɗe a ɓangare ɗaya sun zama 4.

Idan sabo za ka saya, falonka ƙananan sifikoki yake so, irin waɗanda ake ɗorawa a kan maɗori, waɗanda babbar sifikar da ke cikin akwatinsu take inci 5 zuwa 6 da rabi. A wannan aji akwai Wharfedale Diamond, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a farkon shekarun 1980 kuma har yau ana sabunta ta, akwai Q Acoustics 3020i, da Dali Spektor 2, da Elac Debut B6.2. Dogayen sifikoki masu tsayawa a ƙasa suna da kwarjini, amma a kuɗi ɗaya ƙaramar ta fi inganci, saboda ba a raba kuɗin ƙirarta a kan katako mai yawa da sifikoki uku ko huɗu masu arha ba. A ɓangaren amfilifaya, Yamaha A-S301 tana ba da wat 60 a kan om 8 kuma tana da ƙofar shigar sautin dijital, Denon PMA-600NE tana ba da wat 45 kuma tana da Bluetooth a jikinta, Cambridge Audio AXA35 kuma wat 35 ce. Kowace daga cikinsu ta ishi falon mita 4 da 5. Idan kuɗin bai kai nan ba, akwai ƙananan amfilifayoyi na ajin D daga Sin, irin na Fosi Audio da SMSL, waɗanda ba su fi tafin hannu biyu ba, ba sa zafi sosai, ba sa cin wuta, kuma hakan abin dubawa ne ga wanda yake kan sola ko inbata. Raunin da suke da shi shi ne ƙarancin ƙofofin jonawa, kuma ƙarfinsu ya danganta da akwatin wutar da ya zo da su.

Shawarar da aka ba ka ta sayen na hannu tana da kyau, kuma a nan ne ƙaramin kuɗi yake yin babban aiki, domin tsofaffin amfilifayoyin Yamaha, Denon, Marantz, Technics, Pioneer da NAD suna shigowa cikin kayan tokumbo, wasu kuma sun fi sababbi masu kuɗinsu nesa ba kusa ba. Amma sai ka buɗe ido. Abu na farko, ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a baya. Wutarmu bolt 230 ce, kamar ta Ingila da sauran Turai, ta Japan kuwa 100 ce, ta Amurka 120, kuma na'urar da aka yi wa ɗayan biyun nan idan ka soka ta kai tsaye a bango za ta ƙone cikin ƙiftawar ido, sai dai in tana da maɓallin sauya wuta ko ka haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Abu na biyu, kada ka biya sai an kunna maka ita ta yi aƙalla minti 20 tana aiki. Ka murɗa maɓallin ƙara sama da ƙasa a hankali kana sauraren ko yana ƙarar yashi, ka juya maɓallin daidaito zuwa hagu sannan dama don ka tabbatar ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya, ka tsayar da kiɗan ka kara kunne ko akwai gurnani, ka kuma shinshina ramukan sama ko akwai ƙaurin ƙuna. Ƙarar yashi yawanci datti ne da mai gyara zai iya wankewa, amma ɓangare ɗaya mai ɗaukewa yana dawowa alama ce ta aikin da zai iya cin ribar arahar.

Sifika ta hannu kuma, ka cire murfin gabanta ka dubi zoben da ya kewaye babbar sifikar. Idan na roba ne yana daɗewa, idan na soso ne shekaru da zafi suna ruɓar da shi har ka taɓa ya marmashe a yatsanka. Ka sa yatsu a bazu ka danna tsakiyar a hankali, ya kamata ta shiga ta dawo ba tare da ka ji tana gogar wani abu ba. Sannan ka kara kunnenka a kan kowace tuwita, domin sau da yawa ɗaya ta mutu kuma hayaniyar kasuwa ba za ta bari ka lura ba.

Wajen gwaji, ka je da abin da kunnenka ya haddace. Muryar mutum ita ce alƙali mafi adalci, don haka ka sa karatun makarancin da ka saba da shi, ka ji ko muryar ta fito kamar yana zaune gabanka ko kuwa ta yi kauri kamar daga cikin randa. Bayan haka ka sa kiɗa mai kalangu, ka ji ko kana bambance hawa da saukar muryar gangar ko duk ta zama dum-dum ɗaya. Masu sayarwa suna son ƙure bes, wato sautin nan mai kauri, saboda shi ne ke burge mutum a minti na farko, kai kuwa ka ce a mayar da maɓallan bes da na siririn sauti tsakiya, a kuma rage ƙarar zuwa yadda za ka saurara a gida da dare.

Abin da zai kawo sautin ba sai ka kashe masa da yawa yanzu ba. Faifan CD tun fitowarsa a 1982 ingancinsa ya ishi kunne, kuma ko na'urar DVD da ke gidanka za ta iya juya shi idan ka jona ta da ƙofar dijital ta amfilifaya. Waya kuwa, Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, don haka idan hali ya yi ka sayi ƙaramar na'urar DAC da ake soka wa waya, wadda take mayar da sautin dijital irin wanda amfilifaya take karɓa, ko mai karɓa ta Wi-Fi irin WiiM Mini. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ingancin fayil ɗin kansa, domin waƙar da aka matse fayil ɗinta sosai an riga an zubar da wani ɓangare na kyanta, kuma sifika tagari ƙara tona asirinta za ta yi. Garmaho ka bar shi sai gaba. Wayar sifika kuma kada kowa ya ruɗe ka da mai tsada: tagulla zalla mai kaurin milimita 1.5 ko 2.5 ta isa, sai dai ka kankare bakin ka gani, saboda akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla. Ka tabbatar ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a sifikokin biyu, in ba haka ba bes zai ɓace.

Tayil ɗin falonka shi ne abin da ya fi damuna a tambayarka, domin tayil da bangon siminti da gilashin taga suna mayar da sauti, ya yi ta karo har magana ta cakuɗe. Kafet mai kauri tsakanin sifikoki da kujera, da labule mai nauyi, da kujerun kushin, za su gyara maka sauti fiye da ƙarin kuɗin da za ka zuba a amfilifaya. Ka ɗora sifikokin a kan abu mai ƙarfi yadda tuwita za ta yi daidai da kunnenka idan kana zaune, ka bar kusan mita 2 a tsakaninsu, kai ma ka zauna kusan nisan haka daga kowace, ka ɗan karkato da su suna kallonka. Kada ka cusa su a lungu ko cikin kabad. Yawancinsu suna da ramin iska a baya, don haka ka janye su daga bango kamar santimita 30 ka saurara, sannan ka riƙa matsawa gaba ko baya har bes ya daina kumbura. Idan dole sai sun matsu da bango, ka zaɓi mai rami a gaba irin Elac ɗin da na ambata.

Saura wuta, kuma kada ka ɗauke ta ƙaramin abu. Ka ware kuɗin sitabilaiza tagari wadda take da jinkirin kunnawa, domin lokacin da aka dawo da wuta ne kaya suka fi lalacewa, ka kuma saba da kashe amfilifaya kafin a tayar da janareta ko a sauya layi. Idan inbata kake amfani da ita, ka tambaya ko mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi, saboda masu arha suna sa taransifomar amfilifaya gurnani da zafi. Ka bar mata sarari a sama don iska, kada ka ɗora dikoda a kan ramukanta, kuma lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle idan a kashe take, domin ƙurar nan ce take shiga maɓallai ta haifar da ƙarar yashin da na ce ka saurara a kasuwa.