Tabarau na VR Zai Iya Maye Buhun Naushi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina horar da samari dambe a Nima, Accra. An ce in sayi tabarau na VR, wanda ake sawa a ga kamar ana cikin wasan kwamfuta, wai har jijjiga ake ji idan naushi ya sauka. Zai maye buhu? — Wani koci

Amsa: Wa alaikumus salam, koci. Ba zai maye ba. Abin riƙewar hannu na Meta Quest, wani samfurin tabarau na VR, ɗan kaɗawa kawai yake yi kamar waya, ba ya tare hannu. Idan yaro ya saki naushi da ƙarfi a iska, gwiwar hannu ce ke shan wuya, sai a hana shi miƙe ta gaba ɗaya.

Amfaninsa a ido yake: kaucewa da karanta kafaɗar abokin karawa, ba tare da kai ya sha duka ba.

A share fili mita 2 tsawo da faɗi, a ɗaura igiyar abin riƙewar a wuyan hannu, a fara da minti 10. Wanda jiri ya ɗiba ya cire nan take. Jirin na zuwa ne don ido na ganin motsin da jiki bai ji ba. Zufa tana sa gilashin hazo, a kunna fanka. Kuma kada rana ta haska gilashin, tana ƙona allon ciki. Ƙarfin naushi kuwa, sai buhu da zagayen minti 3 irin na Bukom, unguwar 'yan dambe a Accra.